Abin da Na Hana Ki Faɗa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata ta fari.

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe takardar nan jirginku ya daidaita a sama lafiya. Allah ya sauke ki Accra lafiya, ya haɗa ki da direba mai hankali har Kumasi, ya danƙa ki hannun Gwaggonki Asabe ba tare da kin ga abin tsoro ba. Allah ya tsare gabanki da bayanki. A jakar hannunki zan sa ta, bayan ledar dabino, don na san sai yunwa ta taɓa ki za ki kai hannu wurin. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san da ajami na fara, boko da girmana na koye shi. Ke ma na san Hausa a rubuce tana ba ki wuya, Larabci ya fi zama a bakinki. Ki bi ta a hankali. Larabcina na kasuwa ne da na salla, ba zai ɗauki abin da ke raina ba.

Yau Juma'a, ba aiki a mashgal, shagon ɗinkinmu, sai bayan la'asar. Kin tafi Jaradiya yi wa ƙawayenki sallama, akwatinki yana gabana a buɗe. Ba labari zan ba ki ba. Abu ɗaya ne ya zaunar da ni. Mako mai zuwa za ki zauna gaban mutanen makarantar nan su yi miki tambayoyi, su ga ko za su ɗauke ki karatun mataimakiyar likita. Karo na biyu ke nan, kuma ke kika gaya mini ba sa kiran mutum karo na uku. Bizar da aka buga miki ta fita ce, ba dawowa. Tun da Abbanki ya rasu iƙamarmu, takardar zama a Saudiyya, ta bi shi. Ni na samu kafil, mai tsaya mini, a wurin ɗinki, amma takardata ba ta ɗaukar kowa. In suka ce a'a, babu unguwarmu Manfuha da za ki dawo ki yi kuka. Ni kuma tsoro nake ji za su ce a'a, ba don ba ki cancanta ba, sai don abin da na yi wa bakinki.

Kin tuna bara, da kuka yi ganawar farko ta kwamfuta a falonmu? Ina bayan ƙofa da carbina. Turancin ba na kama shi duka, amma na ji matar ta yi tambaya doguwa, na ji amsarki gajeruwa. Da kika rufe kwamfutar na ce, “Me ta tambaye ki a ƙarshen nan?”

Kika ce, “Wai ko na taɓa jinyar mara lafiya.”

“Kika ce mata me?”

“Na ce kaɗan, Umma. Na ce na ɗan taimaka a gida.”

Na ce, “Madalla.” Wallahi har cikin raina na ji daɗi. Na ce lallai na yi tarbiyya, ga yarinya ba ta san cika baki ba. Da amsarsu ta zo, suka ce sakamakon jarrabawarki ya yi kyau, amma ba su ga alamar kin san bakin gadon mara lafiya ba, ban fahimci cewa aikin hannuna ne ba. Na ce miki haka Allah ya so. Kika ce haka ne, kika shiga kicin kika ɗora shinkafa.

Kaɗan! Ke da kika yi shekarun wankin ƙodar Abbanki a tsaye. Ke kike auna ruwan da zai sha a ƙaramin kofin nan, ki ɓoye gora a bayan firij don kada ƙishi ya yaudare shi. Ke kika hana gishiri shiga tukunyarmu, kina jiƙa dankali tun safe, yana miki tsiya yana cewa, “Likitar gidanmu ta fi ta asibiti mugunta.” Kowace safiya sai kin ɗora yatsunki a kan jijiyar da aka haɗa masa a hannu, ki ji ko tana motsi. Ranar da kika ji ta yi shiru, shi ya ce da sauƙi, ni na ce a bari a yi la'asar tukuna. Ke kuwa sai kika ɗauki wayarsa kika kira mota. A asibiti aka ce da mun ƙara jinkiri da an rasa jijiyar. Wannan duka kika naɗe a cikin kalmar kaɗan, ni kuma na sa miki albarka a kai.

Na san inda shirun nan ya samo asali, har wurin da nake tsaye ina iya nunawa. Ba ki wuce aji ɗaya a sakandare ba, kin raka ni asibiti ganin ido. Wata tsohuwa Bahaushiya tana gaban teburin karɓar marasa lafiya tana kuka, ma'aikacin yana ta ce mata, “Esh fi, ya hajja? Esh fi?” wato me ya faru, ita kuma ba ta jin Larabci, tana nuna ciki. Kika saki hannuna kika je. Kika tambaye ta da Hausarki mai ɗingishi, kika gano ba cikin ba ne, ƙirji ne ke danne ta har muƙamuƙi. Kika juya masa da Larabci, nan take suka kawo keke suka yi ciki da ita a guje. Da muka dawo gida ko takalmi ba ki cire ba kike kiran Abbanki, “Abba, Abba, ka san me na yi yau?” Sai na ce, “Rufe mana baki. Don Allah kika yi, ko don a ce kin yi?” Na ga yadda fuskarki ta sauka. Abbanki ya ce, “Haba, bar ta ta faɗa mana.” Kika ce ba komai. Daga ranar ban sake jin kin ba da labarin wani abin kirki da kika yi ba.

Haka aka koya mana a makarantar allo a Gusau, cewa aikin da aka faɗa ladansa ya zube. Ban ƙaryata malamaina ba, Allah ya jiƙan su. Ni ce na ɗauki maganar na shimfiɗa ta inda ba wurinta ba. Riya a zuciya take. Mutumin da zai danƙa miki rayukan bayin Allah, in ya tambaye ki me kika iya, amsarki amana ce, ba alfahari ba. In kin rage, kin yi masa ƙarya kamar yadda in kin ƙara kin yi masa ƙarya. Ni kaina na ɗanɗana. Ranar da na je mashgal neman aiki, mai shagon ta nuna babban keken ɗinkin nan ta ce na iya? Ni da na ɗinka kayan amare tun kafin a haife ki, na sunkuyar da kai na ce mata kaɗan-kaɗan, “Shwayya shwayya.” Wata 'yar Filifin da muka zo tare ta ce ta iya, aka ba ta keken. Ni har yau bakin abaya nake kalmashewa da sa maɓalli. Mai shagon ba ta zalunce ni ba. Abin da na gaya mata ta ɗauka. Don haka in sun tambaye ki, ki faɗa. Ki fara daga kofin ruwan, ki bi ta kan jijiyar, kada ki tsallake tsohuwar nan.

Laifina na biyu ya fi ci mini rai, don shi ba ya gyaruwa. Dakta Maryam, 'yar Bauchin nan da ke duba Abbanki a sashen wankin ƙoda, ta tare ni wata rana a baranda kina ciki kina gyara masa bargo. Ta ce, “Hajiya, bari in rubuta wa yarinyar nan takardar shaida. Har sauran marasa lafiyarmu Hausawa ita ke mana tafinta. Wata rana za ta buƙace ta.”

Na ce, “Likita, ubanta ne fa. Yanzu har takarda ake ba wa 'ya don ta yi jinyar ubanta?”

Ta ce, “A wurin Allah ba a buƙata. Amma waɗanda za su ɗauke ta karatu ba su ga abin da na gani ba.”

Na ce, “Allah ya gani, ya wadatar.”

Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, “Hajiya, ke taurin kanki a hankali yake tafiya, shi ya sa ba a ganin sa.”

Na ɗauka wasa ne, na yi dariya ni ma. Ban ma gaya miki ta yi tayin ba sai da kike cike fom, kika ce ana son shaidar wani likita. Lokacin kwantiraginta ya ƙare, ta bar ƙasar. Lambarta ba ta shiga. Na koma sashen na tambayi nas-nas ɗin, sababbi ne kusan duka, ɗaya ta ce ta ji an ce ta tafi Turai, ɗaya ta ce gida ta koma. Kika ce mini, “Ba komai, Umma.” Da kin yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Yanzu ba takarda, ba Abbanki, ba likitar. Abin da kika yi a shekarun nan bai rage a ko'ina ba sai a bakinki, bakin da ni na rufe.

In wani ya miƙo miki alheri a can, malami ne ko ma'aikaciya ko 'yar ajinku, ki karɓa ki ce na gode. Kada ki tsaya nuna ba ki da buƙata. Ni na ɗauka ƙin karɓa tsoron Allah ne. Da na zauna na duba, akwai girman kai a ciki, ya lulluɓe da hijabi.

Akwai kuma maganar ƙafafun Abbanki, tun kafin a san ciwon. Na ga takalminsa ya daina shiga, na ga shatin safa a ƙaurinsa in ya dawo daga tuƙi. Ya ce zaman mota ne. Da na raka shi ƙaramin asibitin unguwa saboda ciwon kai, likitan, wani Bamisire, ya tambaye shi, ya ce alhamdu lillahi, da sauƙi. Likitan ya juyo gare ni ya ce, “Ya ukhti, akwai wani abu da kika lura?” Maganar tana kan harshena. Sai na ga kamar in na faɗa na ƙaryata mijina a gaban wani namiji. Na sunkuyar da kai na ce babu. Aka ba shi maganin ciwon kai muka dawo. Ban ce da na yi magana da yana raye ba, ajali ba ya jiran bakin kowa. Amma an tambaye ni, na sani, na ce babu. Wannan ina ɗauke da shi.

In Allah ya sa kin zama abin da kike nema, irina za su cika miki benci. An ce a ƙauyukan can mataimakin likita shi ne likitan, ba wani a bayansa. Za su zo su ce miki da sauƙi alhali ba sauƙin. Kada ki rubuta amsar farko. Ki sake tambaya ta wata hanyar. Ki dubi ƙafa, ki dubi takalmi. Matar da ta rakaɓe a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi, ki fitar da mijin ki tambaye ta ita kaɗai. Kin san wannan fiye da duk wanda zai zauna a layin ganawar tare da ke, don a cikinsa kika girma. Ki gaya wa masu tambayar haka. Ki ce musu uwarki ce ta koya miki, ta hanyar da ba ta dace ba.

Ke ma kada ki yi wa kanki. In ba ki da lafiya ki gaya wa Gwaggo. In abincinsu bai karɓe ki ba ki faɗa, kada ki kwana da yunwa don kara. In na kira ki kada ki ce mini lafiya lau in ba lafiya ba. Ina rubuta wannan ina sane da cewa za ki ce lafiya lau, ni ma in ce lafiya lau, mu ajiye waya kowa ya yi kukansa. Ban san yadda ake fita daga wannan ba. Ke dai ki gwada, ƙila ke ki iya.

Saura guda, shi ne na fi jin nauyinsa. Kin ga har na kawo nan ban rubuta sunanki ba. Ban taɓa kiran sa ba tun da aka raɗa miki shi. “Ke.” “Yarinyar nan.” “Ina take?” Maƙwabciyarmu Ummu Halid, Basudaniyar nan, ta sha tsokana ta a kan matakala, “Ya hajja, 'yar taki ba ta da suna ne? In babu mu yanka rago mu ba ta!” Sai in yi dariya in ce mu a wurinmu ba a kiran ɗan fari, kunya ce. Ta ce, “Kunyar wa? Ku uku ne a gidan!”

Gaskiya ta faɗa, ban ji ba. Innata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba, ba ta yabe shi a gaban mutane ba, kuma bai rasa komai ba. Amma shi yana da kaka a ɗakin gaba mai kiran sa maigidana, yana da gwaggwanni masu goya shi, masu ɓoye masa ƙosai, masu yi masa kirari in ya sauke izu. Uwa takan ja baya ne don gidan cike yake da masu matsowa. Ni na ɗauko rabin al'adar na hau jirgi da shi, na bar ɗaya rabin a Gusau. Na ja baya a ɗaki biyu da falo a Manfuha, inda ba kowa a bayana. Ranar da aka ba ki kyauta a makaranta, malamarku ta riƙe hannuna tana taya ni murna, mabruk, mabruk, na ce, “Ai ko wanke-wanke ba ta iya ba.” Kina tsaye kina ji. Abbanki ne ke kiran sunanki na mutum biyu, tun daga ƙasan bene ake jin sa. Tun da aka fita da shi, ba a sake faɗin sunan nan a gidan nan ba. Sai kwanan nan na lura, ina shara.

Yaya yarinyar da ba ta taɓa jin uwarta ta ce ta iya ba za ta zauna gaban baƙi ta ce na iya? Shekaranjiya na gan ki a gaban madubi kina gwada amsoshinki. Muryarki tana fita sosai in kina bayanin ciwo da magani. Da kin zo kan abin da ke kika yi, sai ta shige ciki, idonki ya koma kan tayil. Na koma kicin na tsaya. Abin da na gina tun kina goye, ban ga yadda takarda ɗaya za ta rushe shi tsakanin Riyad da Accra ba. Ina jin na makara. Ban kuma san yaushe zan gan ki ba. Kafil ba ya ba da hutu don uwa ta yi kewa, kuma in na tafi gaba ɗaya ba mai riƙe miki karatun, ba kuma mai zuwa kusa da inda aka kwantar da Abbanki. Wani lokaci ina kalmasa bakin abaya sai in ga kamar a shagon nan zan tsufa, ke kina can, muna lafiya lau a waya har ɗayanmu ya daina ɗauka. Astagfirullah. Ba kyau yanke ƙauna, na sani. Amma na ce yau ba zan ce miki da sauƙi ba.

Ranar ganawar ki sa shuɗin hijabin nan, baƙin yana sa ki ɓuya. Ki karya kumallo ko ba kya so. In kin shiga ki ɗaga ido ki dube su, ba rashin kunya ba ne a wurinsu, in kin sunkuya za su ɗauka ba ki da abin faɗa. In muryarki ta fara shigewa, ki sha ruwa ki sake farawa. In kuma duk da haka suka ce a'a, kada ki ɗauka Allah ne ya auna ki ya ga ba ki kai ba. Ki zauna wurin Gwaggo, ki nemi wani asibiti ki yi aikin sa kai, wannan karon ki karɓi takarda. Laifin ki ajiye shi a wurina, nan ne wurinsa.

Kin san ni, ko zaren da ya rage a shago ba na kawowa gida sai na tambaya. Ina ta kaffa-kaffa da ƙananan abubuwa, ashe babban yana wuyana. Tun muna yara aka karantar da mu cewa ɓoye shaida zunubi ne. Ban taɓa kawo wa raina cewa ya shafi uwa da 'yarta ba. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka gani, to ga tawa, ko da ba za ta shiga fayil ɗin kowa ba.

Na shaida kin yi jinyar mahaifinki jinyar da ban iya ba. Na shaida hannunki yana da sanyi a jikin mara lafiya, idonki yana ganin abin da ake ɓoyewa. Na shaida kin tsaya a ranar da ni da shi muka ce a jira, kuma ke ce da gaskiya. Na shaida tsohuwar nan ta asibiti ke Allah ya sa kika zama sanadin tsirarta, kuma ya kamata a bar ki ki faɗa. Kin iya. Tun tuni kin iya, ina gani, na yi shiru.

Na ji an fara kiran la'asar, zan tashi. Allah ya buɗe miki ƙirji, ya warware miki harshe, ya sanya ƙaunarki a zukatan waɗanda za su tambaye ki. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da sharrin mutum da na ciwo, ya jiƙan Abbanki. Ki gaishe mini da Gwaggo Asabe da mutanen gidanta. Ki yafe mini.

Allah ya yi miki albarka, Safiya.

Sai da na faɗe shi da baki kafin in rubuta. Ba kowa a ɗakin, ni kaɗai na ji. In kin fito daga ganawar ki kira ni, ko me suka ce. Zan gwada faɗin sa a waya. In kin ji na yi shiru, kada ki kashe, ki ɗan jira ni.

Wassalamu alaikum.

Ummanki.